Ash da hannunsa mai taurin kai

A daren jiya na sake kallon Evil Dead II, fim ɗin da Sam Raimi ya shirya a Amurka a 1987, kuma har yanzu ina mamakin irin dariyar da na yi a wurin da ya kamata tsigar jikina ta tashi. Aljani ya shiga hannun jarumin, Ash, hannun ya riƙa farfasa faranti a kansa, har ya gaji ya yanke shi da zarton inji, daga baya kuma ya ɗaura zarton a dungulmin ya mayar da shi makami. Jinin da ke feshi daga bango ya wuce abin da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka, wannan wuce gona da irin ne yake sanar da mai kallo cewa wasa ake yi, sai tsoro ya koma nishaɗi.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne Ash kansa, wanda Bruce Campbell ya fito a matsayinsa. Ba gwarzo ba ne, yana ihu, yana ruɗewa, ga cika baki, kuma rabin wuyar da yake sha gangancinsa ne ya jawo masa. Ni dai na fi yarda da irinsa a kan jarumin da ba ya ko gumi.