Daren da ruwan Alau ya shigo mana gida

Har yau in hadari ya haɗu da daddare bana iya bacci sosai, tun abinda ya same mu a Gwange daren wayewar Talata 10 ga Satumba 2024. Kwanaki kafin nan ana ta magana a Maiduguri cewa dam ɗin Alau ya cika ya batse, wasu na bakin kogin Ngadda har sun fara kwashe kaya, mu kuma muka ce ai gidanmu da ɗan tazara. Baba ne kaɗai yake ta nanata mana cewa shi fa ya ga na 1994 da idonsa, mu daina raina ruwa.

Cikin dare maƙocinmu ya dinga dukan ƙofa yana cewa ku tashi ruwa, ruwa. Na sauko daga gado ƙafata ta faɗa cikin sanyi, ya kai idon sawu, shiru yake shigowa ta ƙasan ƙofa. A nan na yi kuskuren da har gobe yake cin raina. Maimakon in kwashi yara mu fita sai na tsaya ɗora katifa a kan kabad, ina jan buhun shinkafa, ina neman inda zan ɗaga firji, matata tana ta cewa Malam dan Allah ka bar kayan nan mu tafi, ni kuma ina cewa yanzu yanzu. Wallahi kafin in ankara ya kawo cinya, a lungu kuma har ƙugu kuma ja yake yi da ƙarfi.

Abu ɗaya da na tuna na yi daidai shine kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin mu fita.

Ruwan jajawur ne, baka ganin ina hanya ina kwata. Ƙanina ya zurma cikin kwalbati har wuya, Allah ya sa ina riƙe da rigarsa. Daga nan muka samu gora, na gaba yana dogarawa yana laluben ƙasa, sauran muna bin bango hannu cikin hannu, ƙaramar an goya ta an ƙara ɗaure ta da zani na biyu, Baba kuma wani saurayi da ko saninsa ban yi ba ya saɓa shi a baya, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Wani bene muka hau da mutane da yawa, a can muka ji ruwa ya shiga Monday Market da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har kadoji da macizai sun fito daga gidan zoo. Sai da kwale-kwale aka fitar da mu.

Katifar da na ɓata lokaci a kanta, ruɓewa ta yi. Takardun gida da na makaranta da ko tunaninsu ban yi ba sun zama kunu. Rijiyarmu kuma ta haɗu da ruwan masai, makonni muna tafasa duk abinda za a sha saboda tsoron amai da gudawa.

Yanzu akwai jaka rataye a ƙusa bakin ƙofa, sabbin takardun da muka samu a cikin leda biyu, da tocila da maganin hawan jinin Baba da ɗan kuɗi. Mun yi magana da matata, ranar da ruwa ya taɓa dokin ƙofa ita zata ɗauki ƙaramar, ni in kama Baba.