Shafi ɗaya bayan asuba

Shekara kusan uku na yi ina ce wa mutane wai ina rubuta littafi, alhali gaskiyar magana abin da nake yi shi ne in buɗe waya in rubuta layi biyar in goge shida. Tun da BBC Hausa suka fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016 kusan duk shekara sai na ce bana kam da ni, labarin da ba a so ya wuce kalma 1500 fa, amma har a rufe karɓa ina nan ina gyaran sakin layi na farko.

Ba rashin lokaci ba ne, kar ma in yi wa kaina ƙarya. Ina cikin wani guruf na marubuta a WhatsApp, akwai masu sakin shafuka kullum dare, masu karatu na ta ruwan sharhi ana anti a ƙara mana don Allah, ni kuwa in na karanta nasu na dawo kan nawa sai in ga kamar ɗan firamare ne ya rubuta. Labaransu duk gidan sama ne da manyan motoci da saurayin da ya dawo daga Dubai. Ni abin da ke zuwa min a kai tsakar gida ne, kishiyoyi biyu da murhu ɗaya, da tsohuwar da ke ƙirga ashana. Na yi ta tilasta wa kaina rubuta attajirai, ni da ban taɓa shiga irin falon nan ba, sai su fito min kamar gumaka, ba mai numfashi a cikinsu.

Abin da ya canja ba wani babba ba ne. Littafin makaranta na saya mai shafi 60 da biro, na ajiye waya can nesa, bayan sallar asuba kafin yara su tashi a shiga hidimar koko da neman safa ɗaya da ta ɓata, sai in cika shafi ɗaya. Ɗaya tak. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne ba karanta na jiya, ba gogewa, ko shirme ne a bar shi ya kwana. Shafin nan bai fi kalma 200 ba, amma ki lissafa, a wata ɗaya 6000 ke nan, Hikayata huɗu. Akwai ranakun da nake fashi mana, yaro ba lafiya ko an yi baƙi, da can da na fasa kwana biyu shi ke nan na yanke wa kaina hukunci ni ba marubuciya ba ce, yanzu kuwa washegari in ɗora daga inda na tsaya, ba na ramuwa, ai ba azumi ba ne.

Sai kuma kunne. A adaidaita sahu na daina toshe kunne da waƙa, ina sauraron mutane. Ran nan wata mata ke waya tana cewa, "Ni ban ce ka zo ba, ban kuma ce kar ka zo ba." Ina sauka na rubuta a bayan takardar magani. Ko wata guda na yi ina tunani ba zan ƙirƙiro wannan ba.

Rubutun fim shi ya fi koya min hankali. Wani ɗan'uwanmu da ke harkar fim a wajajen Zoo Road a Kano ya karanta sikirif ɗina na farko, wato rubutaccen labarin fim, ya tsaya a inda na rubuta "Hajara ta ji zuciyarta na tafasa tana tuno irin wahalar da ta sha da shi", ya ce, "Yaya, wannan a ina zan kafa kyamara? Cikin ƙirjinta?" Na ji haushi ranar sosai, amma gaskiyarsa. A littafi kina da damar shiga zuciyar mutum ki yi shafi uku a ciki, a fim abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji kawai gare ki, kuma a ƙa'ida shafi ɗaya na sikirif kusan minti ɗaya ne a allo, to kin ga surutu tsada gare shi. Na koma na sake sin ɗin, wato wannan fitowar ta fim ɗin. Hajara ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta kawo miya, ba ta kawo ruwan wanke hannu ba, ta koma bakin ƙofa ta zauna tana tsince shinkafa. Ya dubi kwanon ya dube ta. Ba wanda ya ce uffan. Tun daga nan ko labarin littafi nake rubutawa sai na tambayi kaina, hannunta me yake yi yanzu?

Wanda ya fi min wuya shi ne harshena. Ni 'yar Sakkwato ce aure ya kawo ni Kano, kuma an sha yi min dariya kan "mi" da "shina" har na koyi ɓoye su, a baki da a takarda. Wata asuba ina rubuta tsohuwar nan mai ƙirga ashana sai biro ya kufce min ta ce wa jikanta, "Kai yaron ga, mi kaka nema wurin ga?" Na tsaya ina kallon layin. Muryar kakata ce sak, har da yadda take jan ƙarshen magana. Ranar shafi uku na cika, kokon ya yi gudaji, yara suka makara.

Har yanzu ban gama littafin ba, ina littafin makaranta na huɗu, kuma rabin abin da ke ciki na san zubarwa zan yi. Tsohuwar dai tana nan, ta ƙi mutuwa a babin da na shirya mata, jiya ma faɗa ta yi da mai kalanzir kan canjin naira 50.