Rigar aro a jikin Mozart

A shekarata ta uku ina koyon gogen Turawa, malamina ya ba ni kwancerton goge na 3 na Mozart, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi da mai goge ɗaya ke yi rukunin makaɗa na raka shi, in shirya shi don jarrabawa. Mozart yana ɗan shekara 19 ya tsara shi a Salzburg, a 1775. Dab da ƙarshen kashi na farko akwai inda duk makaɗa ke tsayawa cik, su bar mai goge shi kaɗai ya yi abin da ya ga dama, sai ya kaɗa yatsa a kan sauti biyu da sauri kamar karkarwa, alamar su dawo. Wannan fili shi ake kira kadenza. Mozart bai bar mana kadenza ko ɗaya ba a kwancerto biyar da ya yi wa goge, saboda a zamaninsa makaɗi ne ke ƙirƙirarta, wani lokaci nan take, kamar yadda mai goge a garinmu ba ya jiran takarda.

Ni kuwa abin da kowa ke yi na yi. Na ɗauko kadenzar Sam Franko, Ba'amurken da ya yi karatu a wajen shahararren mai goge Joseph Joachim, na kwashe wata biyu ina fama da wuraren da ake goga tsirkiya biyu lokaci guda. Ranar da na kaɗa ta ba kuskure, malam ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, wa ke magana a nan?" Na ce, "Mozart, Malam." Ya ce in sake saurara. Da na kaɗa kashin tun daga farko har cikin kadenzar, sai kunnena ya kama abin: minti bakwai saurayi mai raha yana hira, kwatsam dattijo mai babbar riga ya karɓe zancen. Kadenzar Franko tana da daɗi, ban raina ta ba, amma da harshen mutanen da suka zo shekara ɗari bayan Mozart aka yi ta.

Malam ya karanta mini abin da Quantz, Bajamushe mai busa sarewa, ya rubuta a littafinsa na 1752, cewa kadenzar mawaƙi ko mai busa kada ta wuce numfashi ɗaya, mai tsirkiya yana iya ƙarawa, amma gajarta ta fi. Sai ya ce in tsara tawa, da sharaɗi: duk abin da zan kaɗa in ciro shi daga cikin kashin, kuma kada in yi nisa da sautin gida, wato sautin da aka gina kashin a kansa. Ta farko da na kawo tsawon minti biyu ce. Ya soke fiye da rabi da fensir. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wurin da na fi alfahari da shi ya fara sokewa, don ya ce yatsuna nake tallatawa.

Da na koma kan Beethoven sai na ɗauka na gane dokar, ashe da sauran aiki. Kwancertonsa na goge, wanda Franz Clement ya fara kaɗawa a Disamban 1806, shi ma ba shi da kadenzar mai shi. Joachim ya kaɗa shi a Landan a 1844 yana ɗan shekara 12, Mendelssohn na jan ragamar makaɗa, daga baya kadenzarsa ta yaɗu. Ta Fritz Kreisler ce ta fi shahara yanzu, inda yake haɗa muryoyi biyu na waƙar su tafi tare. Amma Beethoven ya mayar da kwancerton na fiyano, kuma a can ya rubuta kadenza da hannunsa: doguwa, mai tsauri, fiyano da tambari suna ba juna amsa, har da taken sojoji a tsakiya. Wolfgang Schneiderhan ya mayar da ita ta goge. Da ban san mai ita ba, da na ce ba ta dace ba, alhali kwancerton da bugun tambari yake buɗewa, daga can ta samo asali. Ta Kreisler da nake ji kamar ita ce ta gida, baƙuwa ce da ta daɗe har aka manta.

Ta mai tsara kiɗa Alfred Schnittke kuwa, wadda Gidon Kremer ya kaɗa, da gangan ta jawo gutsattsarin kiɗan Brahms da Berg da Shostakovich cikin na Beethoven. Har yau ba na son ta. Sai dai shi Schnittke ya san rigar aro ya sa, ni kuwa da na sa ta Franko ban sani ba.

A jarrabawar na kaɗa tawa, daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ta ɗago kai ta tambaye ni ta wace ce, don ba ta cikin littafin da ke gabanta.