Laraba, ranar da aka taɓa mini ɗango

Da asuba, ko addu'a ban gama shafawa ba na jawo waya. Saƙonni sun taru a zaurenmu na marubuta waƙa, mu goma sha huɗu, mata zalla, yawancinmu ba mu taɓa haɗa ido ba. Wata na uku ke nan muna haɗa diwani ɗaya, wato kundin waƙoƙi, kuma waƙar da za ta rufe shi ta taron dangi ce: wata ta ajiye baiti ƙwar biyu, ta gaba ta yi masa tahamisi, ta ɗora ɗango uku a sama ya koma ƙwar biyar.

Na buɗe takardar a Google Docs, sai na ga an taɓa nawa. Na rubuta "Zuciyata ta ƙi kwanciya", wata ta mayar da shi "Raina ya ƙi kwanciya". Ko sallama babu. Wallahi raina ne ya ƙi kwanciya a lokacin! Na rubuta mata dogon saƙo mai yaji, na goge, na sake rubutawa, na sake gogewa.

Wajen hantsi Anti, wadda ta girme mu duka kuma ita ke duba mana karin waƙa, ta turo saƙon murya. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Cewa ta yi, "Ƙanwata, rera shi da ƙarfi, ki buga tafi." Na rufe ƙofa na rera. A "zuciyata" harshena ya yi tuntuɓe, gaɓa huɗu a gurbin da biyu kawai ke shiga. Sau uku ina gwadawa ko zan ja muryar ta ɓoye aibin, ta ƙi. Ido ya yi sati yana wuce wurin, kunne ya kama shi nan take. Har yanzu dai ina ganin zuciya da rai ba abu ɗaya ba ne, kuma wani abu ya salwanta a canjin. Amma waƙar ta miƙe, amsa-amon "ya" bai motsa ba.

Anti ta ƙara da cewa mu daina ɗaukar wannan aiki baƙo. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta mayar da waƙar mahaifinta Shehu Usmanu Hausa, ɗan'uwanta Isa ya yi wa waƙar tahamisi, ya kuma mayar da wasu waƙoƙinta Hausa, jajis ɗinta kuma, wato matan da ta horar don koyarwa, suka haddace suka kai wa matan karkara. Hannu da yawa a waƙa ɗaya, tun kafin a san waya.

Da rana aikin gajiya ne: ƙugiyoyin ɗ da ƙ da ɓ duk sun zama akwatuna da aka juya takardar zuwa PDF, sai da muka sauya salon harafi. Maganar ISBN, lambar shaidar littafi, an bar ta sai mako mai zuwa.

Rigimar gaske bayan isha'i ta tashi, a kan suna. Biyu daga cikinmu ba sa son sunansu na gaskiya ya fito, ɗaya ta ce a gidansu ba wanda ya san tana waƙa. Wata kuma ta ce ita ba ta yi kwanan zaune don a binne ta a ƙarƙashin "mu" ba. Dukansu na fahimce su. Ba a tsayar da magana ba har aka fara sai da safe.

Kafin in kwanta na tura kalma biyu ga mai gyaran: "Na rera." Ta maido mini da hoton tafi. Gobe ni ce zan yi wa baitinta tahamisi, kuma na riga na hango gaɓa ɗaya da ta yi mata yawa.