Tsutsar da sai an yanka ake sanin sunanta

Shagona ƙarami ne a cikin birnin Katsina, ni da yara biyu. Aikinmu ɗora samfurin halittu a kan gilashi, muna sayar wa makarantun sakandare da ɗaliban jami'a masu dubawa a madubin ƙara girma. Yawancin cinikin na tsutsar hanta ne da muke samu wurin mahauta, amma aikin da na fi ƙauna shi ne na 'yar uwarta, shimfiɗaɗɗiyar tsutsar nan mai yawo a ƙasa.

Ba ta son bushewa, don haka da wuya a gan ta a nan sai da damina, a ƙarƙashin ledar dashen da aka kawo daga kudu. Masu lambu kan ce matsattsaku ce, wasu su ce tana. Ko ɗaya ba haka ba ne, tanar ma abincin wasunsu ce. In ka juya ta, za ka ga bakinta a tsakiyar ciki yake, ba a kai ba, ta nan take turo maƙogwaro waje ta tsotse abin da ta kama.

Ɗalibi ya kan zo da hoto a waya ya ce, "Malam, wane iri ce?" Na kan ce masa hoto ba ya isa. Launi da zanen baya da jerin idanu suna nuna hanya, amma iri biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara. Shaidar tana ciki, a gaɓoɓin haihuwa, domin kowacce mata-maza ce, kuma yadda bututun ƙwai ke haɗuwa da ɓangaren namiji ya bambanta daga iri zuwa iri.

Nan ne wahalar. Sai an miƙar da ita a sinadarin fomalin tun ba ta narke ba, a tsame ruwan jikinta da sifirit, a binne ta a kaki, a yi ta yanka falle-falle daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, kowane falle bai kai kaurin gashi ba. A jera su bi da bi, a rina. Falle ɗaya ya ɓata a daidai mahaɗar bututun, aikin mako ya tafi. Shi ya sa ban yarda yarana su yi yanka da rana tsaka, lokacin da kaki ke laushi.

Wani lokacin ma a gama yankan a tarar babu gaɓoɓin. Mai faffaɗan kan nan, Bipalium kewense, wadda aka fara bayyanawa a 1878 daga lambun Kew na Landan, galibi gutsurewa take yi ta hayayyafa. Irin wannan ba na rubuta mata suna da ƙarfin hali, ko da mai aikin zai ji haushi.

Masu lambu, in kun gan ta, don Allah kada ku zuba mata gishiri. Ku ɗauka da ganye, ku sa a kwalba da ɗan danshi, ku kawo da ranta.