Abin da Shugaban Sashe Ya Koya Mini Game da Mulki

Ƙarshen wannan zangon karatu zan miƙa makullin ofis. Ƙananan malaman sashenmu sun roƙi in bar musu 'yan kalmomi, ga su nan, kuma yawancinsu a kan mutum ɗaya ne.

Tun ina ƙaramin malami nake koyar da ra'ayin Gene Sharp, Ba'amurken da ya tattara hanyoyi 198 na gwagwarmaya ba da makami ba a 1973. Jigon maganarsa shi ne mai mulki aron ƙarfi yake yi daga masu yi masa biyayya: ɗan sanda, akawu, alƙali, direba. Ran da suka janye hannu, sai ya rasa abin takawa. Ɗalibai kan kama zancen da wuri idan na kawo musu jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da ɗaurin da Gambo Sawaba ta sha, ko yadda mutanen Sudan suka kawar da shugabanninsu na soja, Abbud a 1964 da Numeiri a 1985.

Sai ga Janairun 2012. An cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, har gwamnati ta dawo da ita 97. Wata ɗalibata ta digiri na uku ta bi waɗanda suka fito a Kano da Kaduna da Legas tana naɗar bayanansu. Aiki ne mai kyau ƙwarai, har yau ina tsaye a kan haka. Shugaban sashenmu na lokacin, wanda kowa ya san muƙami yake nema a gwamnati, ya kira shi tunzura jama'a.

Bai taɓa hana komai a rubuce ba, ya fi ƙarfin haka. Fayil ɗinta ne ya ɓace. Mai jarrabawa na waje ba a gayyace shi ba, wai babu kuɗi. Aka fara raɗe-raɗin cewa yarinyar 'yar siyasa ce, ni kuma takardun ƙarin girmana suka kwanta a teburinsa. Brian Martin na Ostireliya, wanda ya faro daga kimiyyar fiziks ya koma nazarin yadda ake danne masu saɓanin ra'ayi, ya lissafa dabaru biyar da azzalumi ke kashe fushin jama'a da su: rufa-rufa, zubar da mutuncin wanda aka cuta, sauya wa labarin fuska, tura maganar ga hukuma, sai tsoratarwa ko toshe baki. Duka biyar na gan su a farfajiyar sashenmu. Ta huɗun ta fi ciwo, domin da zarar an ce magana tana gaban kwamiti, kowa sai ya koma barcinsa da zuciya wasai.

Shugaban sashen shi kaɗai ba zai iya ba. A taron sashe, manyan malamai masu koyar da dimokuraɗiyya safe da yamma, abin da ke fita daga bakinsu shi ne, "Ranka ya daɗe, yadda ka gani." Wannan ne har yau ban gama haɗiyewa ba.

Wanda ya warware ƙullin akawun sashe ne, dattijo mai ƙaramin albashi. Aka nemi ya ce kundin ɗalibar bai taɓa zuwa ofis ba. Ya buɗe littafin karɓar takardu, ya nuna rana da sa hannu, ya ce, "Farfesa, ni ba zan faɗi abin da ba haka ba." Bayansa ƙananan malamai biyu suka ƙi sa hannu a bayanan taron da aka gyara. Ba a yi zanga-zanga ba, ba a ɗaga murya ba, amma kafin zangon ya ƙare an sa mata ranar kare kundi.

Sauran darussan gajeru ne. Duk takardar da kuka miƙa, ku riƙe kwafi mai hatimi. Ku san sunan masinja da akawu, ku gaishe su da mutunci. Wanda kuka yi hira da shi kan zanga-zanga, ku ɓoye sunansa ko da ya ce ba ya tsoro. Kada ku rubuta koke kuna cikin fushi.

Ɗalibar nan yanzu tana koyarwa, ɗalibanta kuma suna rubutu kan zaman dirshan na Khartum a 2019. Shi kuwa ya samu muƙaminsa, ya sauka, mukan haɗu a wajen ɗaurin aure mu gaisa. Shekarun da ya cinye wa yarinyar nan bai taɓa neman gafararta a kansu ba.