Littafin da Ya Zo Cikin Motar Albasa

Wani direban tirela da ke kawo mana kaya daga Kano na roƙa, na ce in Allah ya sa ya bi ta wajen masu sayar da littattafai a bakin kasuwar Sabon Gari, ya duba mini Shaihu Umar. Sai da ya yi sawu biyu yana mantawa. A na uku ya sauko daga mota da asuba, idanunsa jajur saboda rashin barci, ya zaro wata baƙar leda daga bayan kujerarsa ya miƙo mini. "Malam, ga saƙonka. Ashe wannan ɗan abin ne ka hana ni sakat a kansa?" Na karɓa da hannu biyu, na yi masa godiya kamar wanda aka kawo wa tsarabar Makka. Littafin siriri ne, bai kai kaurin littafin rasit ɗina ba. Kwana uku ya yi a hanya tare da buhunan albasa, don haka duk shafin da na buɗe sai warin ya bugi hancina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina Legas. Aikina rubuta lissafi ne a rumfar wani dillali a kasuwar Mile 12: buhu nawa aka sauke, wa ya ɗauka, wa ya biya, wa ya ce sai gobe. Iyalina suna Agege. Wanda ya san garin nan ya san ba a rasa littafi a cikinsa. Ka je Yaba ko ƙarƙashin gadar Ojuelegba, za ka ga tsofaffin littattafan Turanci jibge a ƙasa kamar doya. Ka tsaya a ƙofar masallaci a Agege ko Idi-Araba, ga Alƙur'ani, ga Ahalari da Ishmawi, ga littattafan addu'o'i an shimfiɗa a tabarma. Amma littafin hikaya na Hausa, na takarda, wanda za ka riƙe a hannunka, ni dai na sha yawo ban samu ba. Shi ya sa direbobin Arewa suka zama 'yan aikena.

Tun ina yaro nake da wannan ƙwaɗayi. A Funtua, da fitilar ƙwai na karanta Magana Jari Ce, ina kwance rub da ciki, akun nan yana ta zuba labari, ni kuwa ina fatan kada kananzir ya ƙare. Amma a lokacin haɗiye labari nake yi, ba taunawa. In gama wannan in ɗauki wancan. Wanda ya fara nuna mini wata hanya dabam malaminmu ne na zaure. Idan ka kawo Iziyya ko Risala, layi uku ko huɗu zai biya maka, ya fassara kalma bayan kalma, sai ya ce, "Tsaya nan." Ka so ƙari ya hana. Ya ce ka je ka kwana da wannan tukuna. A lokacin ina ganin rowar ilimi ce. Sai da na zo Legas, garin da ba mai jiran wani, na gane abin da tsohon nan yake nufi, Allah ya jiƙansa.

Cunkoson motoci ne ya koya mini. Da asuba duhu ne, ba a iya karatu a danfo, motar hayar Legas. Amma da yamma, daga Ketu zuwa Ojota, daga nan a lallaɓa zuwa Agege, wata rana sai a yi awa biyu a tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Da farko zama nake ina ƙunci kamar kowa. Daga baya na fara sa littafi a aljihun riga. Mota tana girgiza, kwandasta yana ihu, ido ba ya jure fiye da shafi biyu ko uku. Sai in rufe littafin, yatsana a ciki, in zuba wa titi ido. A nan ne abin da na karanta yake fara narkewa. Me ya sa wannan mutumin ya yi haka? Da ni ne, ya zan yi? Wa na sani mai irin halin nan? Sau da yawa shafi biyun nan suke raka ni har ƙofar gida, har in kwanta da su.

Shaihu Umar na taɓa karanta shi a sakandare, don jarrabawa. Abin da na riƙe daga wancan karatu kura ce, da guguwar hamada, da yaron da aka sace ya girma a hannun Balarabe ya zama babban malami. Labarin yaron na ɗauke shi. Da na sake buɗe shi a danfo, ina da 'ya'ya uku, mahaifiyata kuma tana can nesa sai dai mu gaisa ta waya, sai na ga wani littafi ne dabam a hannuna. Ashe labarin uwar ne. Mace ta rasa ɗanta, ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, aka ƙetare sahara da ita, ba ta daina nemansa ba har suka sadu a Tarabulus, ba da jimawa ba ta cika. Kalmomin su ne dai na da, ba a ƙara ko wasali ba. Ni ne na canza. Ranar da na iso wurin nan ban san mun wuce tashar da nake sauka ba, sai da na dawo da ƙafa.

Akwai teburin mai shayi a layinmu, inda muke taruwa bayan sallar isha: 'yan acaba, masu gyaran takalmi, masu tura ruwa, da wani dattijo mai gadin wani gida a bayanmu, mutumin wajen Sakkwato. Kowa Baba yake ce masa. Yana da karatun allo mai kyau, amma bai yi boko ba. Wani dare ya ga littafin a hannuna ya ce, "Ɗana, kullum kai da takarda. Me ke cikinta ne da ba ka gajiya? Karanto mu ji." Na ɗan ji nauyi, amma na fara. Mai shayi ya rage muryar rediyonsa. Dare huɗu muka yi a kai, kaɗan-kaɗan, yadda malaminmu yake yi mana. Karatu a bayyane aiki ne dabam. Inda ido yake tsallakewa, baki ba ya iya tsallakewa, kuma masu saurare ba sa barinka. Wannan ya ce, "Kai, wannan mugu ne!" Wancan ya ce, "Haka mutane suke har gobe." Wani yaro ɗan acaba ya tambaye ni ko da gaske an yi cinikin bayi a Kano. Na ce an yi, kuma ta hanyar da ake kai fata da tufafi Arewacin Afirka ake kai su. Ya yi shiru, bai ƙara shan shayinsa ba har ya huce.

A dare na huɗu muka iso inda uwa da ɗa suka haɗu. Ina cikin karatu Baba ya ɗaga hannu. "Dakata, ɗana. Maimaita wurin nan." Na maimaita. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana shafa ta da tafin hannu, kamar mai share ƙura. Can ya ce, "Shi dai ya same ta da rai." Ba wanda ya tanka. Sai ya ba mu labarin da ba mu taɓa ji daga bakinsa ba: yana nan Legas tasa mahaifiyar ta rasu, lokacin ba wayar hannu, sai bayan sadakar bakwai wani ɗan garinsu ya kawo masa labari. Ya ce kullum cewa yake bari ya ɗan ƙara tara wani abu sannan ya je. Ya mai da hularsa, ya ce, "Ci gaba."

Na karanta littafin nan sau uku kafin daren, na yi ta juya shi a zuciya, amma wannan magana ta Baba ba ta taɓa zo mini ba. Ni baƙin cikin mutuwar uwar nake gani. Shi kuwa rahamar saduwar ya gani, domin ita ce aka hana shi.

Da muka gama ya tambayi wanda ya rubuta. Na ce Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya zaro ido. "Wane? Firayim Minista? Na jikin naira biyar?" Na ce shi fa. Na gaya musu abin da na sani: a 1933 aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai na Hausa a ƙarƙashin wani Bature, Rupert East, littattafai biyar suka fito daga cikinta, har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ɓalewa a lokacin matashin malamin makaranta ne a Bauchi, shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, tunda a 1912 aka haife shi. Wannan abin yana tsaya mini a rai. Saurayi ya zauna ya rubuta labarin wanda aka raba da gida aka kai shi nesa, bai san shi ma aiki zai kawo shi bakin teku ba. A Janairun 1966 sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a garin nan, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, hanyar da ta ratsa ta yankinmu. Bauchi aka mai da shi aka binne. Idan wata hidima ta kai ni cikin Ikko na wuce ta dandalin da aka sa wa sunansa, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960, kowa ɗan siyasa yake tunawa. Ni malamin makarantar nan mai alƙalami nake tunawa.

Ba na cikin masu raina abin da ake karantawa a waya. Maiɗakina a wayarta take bin labaran marubuta mata, kuma tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 muke sauraron labaran da suka yi nasara tare, wasu har mu yi gardama a kansu. Abin da nake jin tsoro a waya ɗaya ne: ba ta barinka ka rufe littafi da yatsa a ciki. Kana gama babi saƙo ya shigo, bidiyo ya biyo, kafin ka ankara abin da ya taɓa zuciyarka ya bi ruwa. Don haka na ware shafukan bayan wani tsohon littafin lissafi. Gaba buhunan albasa ne da bashin da ba a biya ba, baya kuwa abin da karatu ya bar mini. Ba na rubutu da yawa, layi biyu ne ko uku. A daren nan maganar Baba kawai na rubuta, na sa kwanan wata.

Bayan ƙaramar sallah Baba ya ajiye gadi. Ya ce yana da yaya mace da ta rage masa a gida, ba zai bari a sake kawo masa labari ba. Na nema masa wuri a gaban wata mota da ta sauke kaya za ta koma Arewa. Da safen da zai tafi ya zo rumfarmu da jakarsa da buta, muka yi sallama, sai ya tsaya yana juya carbi. "Ɗana, takardar nan taka, ko za ka bar mini? Akwai jikata da ke makaranta, ita za ta riƙa karanta mini."

Na zaro littafin daga aljihu. Bangonsa ya riga ya lanƙwashe, gefen shafukan ya yi baƙi da zufar hannu, warin albasar kuwa yana nan. Ya naɗe shi cikin rawaninsa ya tura can ƙasan jaka, ƙarƙashin Alƙur'aninsa. Da yamma na kira direban nan na Kano, na ce ya sake bi mini ta Sabon Gari. Ya ce, "Malam, wanne kuma?" Na ce wancan dai.